Faifan Yaya Marka

Kun dawo daga bitar da aka kai ku Katsina da kwali mai faɗi da 'yan takardu ja da kore, kun manna su a bangon zaure, kun ce wannan ita ce taswirar sana'a, da ita ake gane inda aka dosa. Na tsaya na duba. Ban san bihim ba, amma na ga kibiyoyi, na ga an kasa abu gida-gida, na gane abin da ake nufi. Ban ce ba daidai ba ne. Abin da ya sa na ce ku zauna shi ne na ji ɗayanku tana cewa riƙon ƙungiya ai ba wuya, zane ne da rabon aiki. Ni ma na taɓa zaton haka, kuma na fi ku iya zanen.

Kayan zanena kun san su, kuna tsallake su kullum a bakin rumbu. Guntun muciya ne da ya karye tun ina amarya, da gwangwanin toka, da tsakuwa, da gawayi, da ɓawon gyaɗa. Sai tsintsiya. Ana share ƙasa a yayyafa ruwa ta kwanta. Tsakuwa kasuwa ce, babba ko ƙarama gwargwadon abin da take ci. Toka hanya ce. Gawayi mai saye ne wanda ba ya fashi. Ɓawon gyaɗa kuma mace ce, kowace da nata. Tsintsiya ta fi su duka amfani, don abin da aka zana a ƙasa ba a jin kunyar share shi. Takardarku idan kun manna, sai ku fara kare ta kamar 'yar da kuka haifa.

A Darini na koya, wajen gwaggona. Ita ba ta da ƙungiya, ita kaɗai ce da turminta, amma duk ranar da za ta sayi gyaɗa sai ta durƙusa ta ja layi uku a ƙasa: inda gyaɗa za ta fito, inda za a matse ta, inda mai da ƙuli za su tafi. Idan layi ɗaya ya tsinke, ba ta hura wuta. Shekara biyu ina gidanta ba ta bar ni na taɓa turmi ba. Suya kawai, ina tsaye a kan kasko ina juyawa har hayaƙi ya cinye mani gashin ido. Ta ce wadda ba ta san ƙanshin gyaɗar da ta kusa ƙonewa ba, ba ta da abin yi a bakin turmi. Ranar da ta miƙo mani taɓarya ba ta yi wani jawabi ba. Ta ce ruwan zafi kaɗan-kaɗan ake zubawa, wadda ta yi gaggawa kunu za ta dama.

Matsar mai aiki ne na ƙashi. An soya, an baza ta huce, an murje jan ɓawon, an sheƙe, an kai inji. Niƙaƙƙiyar ta dawo a bokiti, a juye a turmi, a riƙa juyawa ana ɗiga ruwan zafi. Da farko ba ka ganin komai sai nauyi. Kafaɗa ta ɗauki zafi, ka ce yau kam ba za ta ba da mai ba. Can sai ka ga ta fara ƙyalli, ta haɗe jikinta, mai ya taso ya kwanta a gefe. A kwashe, a matse tunkuza, a mulmula, a soya ƙuli a cikin man da ya fito daga jikinsa. Babu abin da ake zubarwa.

Da na dawo Batsari da zama, mu goma sha huɗu muka haɗu. Gayya muke yi: yau gidan wannan, gobe gidan waccan, duka mu taru a kan gyaɗar mutum ɗaya. Turmi uku gare mu, kasko biyu. To ku lissafa, mace goma sha huɗu a kan turmi uku. Kullum akwai biyar ko shida da ke jiran layi. Masu jiran nan ba sa tsayawa a rana. Tabarmar Yaya Marka suke nufa.

Yaya Marka ta girme mu duka. Hannunta na rawa, ba ta iya taɓarya, ba ta iya ɗaukar bokiti. Mun sa ta a ƙungiya don mijinta ya rasu kuma tana da haƙƙin maƙwabtaka. Duk gidan da gayya ta faɗa, ita ce ta fara zuwa da faifanta, tsohon faifai da aka ɗaure bakinsa da zare baƙi. Ta zauna a inuwa, ta ɗebo ɗanyar gyaɗa ta riƙa wasa da ita da yatsu tana hira. Masu jira su zagaye ta, kowa ta ɗebi nata a zani. A nan ake jin wanda ya yi sabon aure, da wadda surukarta ta hana ta gishiri. Lantana, wadda yanzu take riƙe da murhun arewa na ƙungiyar nan, ita ce sarauniyar wurin, bakinta ba ya hutawa. Ni daga bakin turmi nake hango su, ina ƙirga hannuwa goma sha biyu da ba sa aikin komai. Nakan yi gyaran murya. Lantana ta ce, "Shugaba ta yi tari, a kawo mata ruwa." Su kwashe da dariya. Ba a taɓa matsa mani wuri a tabarmar ba, ni ma ban taɓa nema ba. Wadda ke cewa a tashi ba ita ake so a hira ba.

Masu sayenmu iri-iri ne, amma gawayin da ya fi girma a taswirata Malam Idi ne, mai tsire a Safana. Ƙulinmu yake dakawa ya haɗa yajinsa. Mutum ne mai ƙarancin magana, kuma sauran mahautan wurin idonsu na kansa: inda ya saya nan suke saye. Yakan ɓalli ƙuli, ya tauna da haƙoran gaba yana kallon gefe, sannan ya ce a sauke. Shekaru muna haka, ban taɓa jin ya yaba ba, ban taɓa jin ya kushe ba.

Sai shekarar da daji ya ɓaci. Ba sai na ba ku labari ba, wasunku a lokacin kuka shigo gari da kayanku a ka. Abin da ya shafi sana'a shi zan faɗa. Na share ƙasa ran nan na zana taswira kamar yadda na saba, sannan na bi hanyoyin toka ina gogewa da ƙafa, duk wadda ba a bi yanzu. Kasuwannin yamma suka tafi. Masu zuwa saro daga ƙauyuka suka tafi. Manoman Karare da ke kawo mana gyaɗa har ƙofar gida, wasu ba su shuka ba, wasu sun shuka ba su iya zuwa cirewa a kan kari ba. Da na gama, tsakuwa biyu suka rage: kasuwar Batsari, da Safana, wadda ake bi da rana tsaka idan a-kori-kura ta cika. Ɓawon gyaɗa goma sha huɗu suna kallona, baki goma sha huɗu da 'ya'yansu.

Kwana uku ina zana ina sharewa. Abin da na gani shi ne gayya ta yi mana nauyi. Mu taru duka a kan abu ɗaya, idan abin bai karɓu ba mun faɗi gaba ɗaya, kuma ba mu san abin da zai karɓu ba, don masu sayen da muka sani sun watse, waɗanda suka cika gari kuma ba mu san aljihunsu ba. Sai na kasa mu murhu uku. Kowane murhu da turminsa, mata huɗu huɗu, ba mai jiran wata. Kowane murhu ya gwada abu ɗaya tak, daga wannan kasuwa zuwa mai zuwa. Washegarin kasuwa shugabannin murhu uku su zo gidana da hantsi, mu tsaya a kan taswira, ba zama. Kowa ta faɗi abin da ta gwada, da abin da ya fita, da abin da ya dawo. Wanda ya fita a ƙara, wanda ya dawo a sa tsintsiya. Ba a gardama a kan abin da ba a gwada ba, kuma ba a gwaji da gyaɗar da ta wuce kwano biyar.

Huɗu sau uku sha biyu. Ni ta sha uku, ina zagayawa. Ɓawo ɗaya ya rage a hannuna.

Na je gidan Yaya Marka da kaina. Muka gaisa, na tambayi ƙafarta, ta tambayi jikokina. Na ce mata yanzu aiki ya rabu, babu sauran zaman jira, ta huta a gida, kasonta zai riƙa iske ta duk mako. A raina alheri na yi mata. Ta daɗe tana kallon faifan da ke jingine a bango. Ta tambaye ni wa zai riƙa tsinta. Na ce kowane murhu zai tsince tasa, ai tsakuwa da ƙasa ba sa ɓuya.

Ta ce, "To, Asabe. Allah ya ba da sa'a."

Kuma tsarin ya yi aiki, kada ku ji an ce bai yi ba. Murhun Lantana ya gano mutanen da suka yi hijira ba sa iya sayen kwalbar mai, sai na miya ɗaya, aka koma ƙulla shi a 'yar leda, ya riƙa ƙarewa kafin azahar. Murhun kudu ya gwada ƙuli mai sukari, yara suka lasa suka ajiye, muka share shi a mako ɗaya ba wanda ya yi kuka. Murhu na uku ya fara daka ƙulin ya zama gari tun daga nan, don a rage wa masu tsire wahala, Malam Idi ya karɓa ya ce a ƙaro. Da gayya muke yi, kowane ɗaya daga cikin waɗannan sai mun yi wata muna jayayya a kansa. Mata suka daina zuwa mani da ƙorafi. Suka daina zuwa ma gaba ɗaya, in ban da ukun nan masu tsayuwa su faɗi nasu su tafi. Tsakar gidana ta yi fes, ba ɓawo, ba hayaƙi. Na ce wannan shi ne tsari.

Wajen mako na bakwai na kai kaya Safana da kaina. Malam Idi ya ɗebi garin ƙulin da yatsu biyu ya sa a baki. Bai kalli gefe ba, ni ya kalla. Ya juya ya tofar a bayan tukuba, ya kurkure baki da ruwan buta. Ya ce tun makon jiya ya ji alama ya yi shiru don girman tsakaninmu, amma jiya wani ya ciji tsirensa ya tambaye shi ko akuyar ta ci maɗaci kafin a yanka.

"Hajiya, ni nama nake sayarwa, amma yaji ake dawowa ci. Kasuwa mai zuwa ki kawo mani irin na da. In ba haka ba, kada ki wahalar da kanki da hanyar nan."

Mahauta uku suna tsaye suna ji, kowa ya yi kamar yana gyara wuƙa. Na ɗauko kayana na dawo da su. A mota na yi lissafin da ba ya bukatar zane: in Safana ta tafi, tsakuwa ɗaya ta rage, kuma kasuwar Batsari ba za ta ci aikin murhu uku ba. Biyu za a kashe. Mata takwas.

Na bi murhun nan ɗaya bayan ɗaya kamar mai neman allura. Na shinshina kasko, ko suya ce ta ƙone. Ba ita ba ce. Na sa aka wanke turame da ruwan zafi. Na je wajen mai inji na tsaya a kansa ya wanke bakin injin, ko ya niƙa wani abu kafin namu, har ya ji haushi ya ce ko kanwa zan kawo ya yi wanka da ita. Na duba gyaɗar da ke buhu: an tsince ta, ba tsakuwa, ba ƙasa, ba baƙar ƙwaya. Ido ya ce lafiya lau. Na koma gida na zana komai tun daga gona har tukubar Malam Idi, na bi layi da guntun muciya sau uku. Kowane aiki yana nan da mai yin sa. Taswira ta ce ba abin da ya ɓace.

Da na gaji sai na ɗebo gyaɗar a hannu na zauna a bakin rumbu ina ci ɗaya-ɗaya, don ban ci komai ba tun safe. Ta tara ko ta goma ta cika mani baki da ɗaci. Na tofo ta a tafin hannu. Bayanta ja ne sumul kamar 'yan'uwanta, cikinta kuma ya yi ruwan ƙasa. Gyaɗar shekarar ce: an cire ta a gurguje, ana waige, ba wanda ya iya barinta a gona ta sha rana, aka ɗura ta a buhu da danshinta. Ta ruɓe daga ciki ta bar fatarta lafiya. Ƙwaya ɗaya a cikin goma ta isa ta ɓata turmi.

A nan na tuna ɗan kwanon da ke gefen tabarmar Yaya Marka. Kullum idan an tashi yakan cika da gyaɗar da ni nake gani ba abin da ya same ta, ta ce ta kaji ce. Na sha yi mata magana a kan ɓarna. Hannuwa goma sha biyun da nake ƙirgawa ba sa aiki, su ne suke bin kowace ƙwaya kafin ta ga kasko, ita tana duba abin da suka wuce. Ban taɓa ba wannan aiki layi a taswira ba, don ban taɓa ganin sa a matsayin aiki ba. Hira na gani. Na kashe jira, ashe a cikin jiran ake yin sa.

Na yafa mayafi na nufi gidanta. Ƙofar da kwaɗo. Na tsaya ina sallama a gidan da ba kowa, har Lantana ta leƙo ta katanga, don bangonsu ɗaya. Ta ce ai ɗan Yaya Marka ya zo ya tafi da ita Katsina, yau kwana goma sha shida. Na ce kason da nake ba ta ta kai mata fa? Ta ce direba take ba wa, yana kaiwa. Na ce me ya hana a gaya mani?

"Shugaba, tsayuwa muke yi a gidanki. Abin da aka gwada, abin da ya fita, abin da ya dawo. A wane layi zan sa tafiyar Yaya Marka?"

 Ta shiga ɗaki ta fito da faifan nan mai baƙin zare ta miƙo mani ta kan katanga. Ta ce tsohuwar ta bar shi, ta ce idan Asabe ta zo nema a ba ta, in ba ta zo ba a bar shi a rataye.

Lantana ta kira ɗan a waya, aka kai wa tsohuwar a kunne. Muryarta ta yi nisa, kuma ba ta ji sosai, sai da na maimaita sunana sau uku. Muka gaisa gaisuwa cikakkiya, ba ta rage ko ɗaya ba, har kajina ta tambaya. Na ce mata ƙuli ya yi ɗaci. Ba ta ce ai na faɗa ba. Na tambaye ta yadda ake gane ta, tunda ido ba ya gani.

Ta ce, "Rufe idon za ki yi. Ki mirgina ta tsakanin yatsu. Mai lafiya tana da nauyi, tana turo ki. Marar lafiya sai ki ji ta ba da kai. In kin yi shakka ki ciza. Za ki sha ɗaci, Asabe, amma bakinki zai koya wa hannunki."

Kwana huɗu suka rage kafin kasuwa. Na hana kowane murhu hura wuta. Na sa aka kawo buhunan zuwa gidana, na shimfiɗa tabarma. Ranar farko duka suka zo, don tsoro, muka zauna ana tsinta ba mai cewa uffan, ni ce a tsakiya kuma ba a saba hira a gabana ba. Na ciji gyaɗa har harshena ya daina bambance ruwa da kunu. Rana ta biyu yatsuna suka fara ji kafin haƙori. Kusan kashi ɗaya cikin biyar muka zubar wa kaji, kajin ma suka tona suka bari. Rana ta uku aka soya, ta huɗu aka matse.

Malam Idi ya ɗebi garin da yatsu biyu. Ya tauna da haƙoran gaba. Ya kalli gefe, ya daɗe yana kallon gefen, kamar akwai abin kallo a jikin bangon masallaci. Sannan ya ce a sauke. Mahautan nan uku suka ajiye wuƙaƙensu suka matso.

Murhu uku suna nan har yau, ba a kashe ko ɗaya ba, kuma a cikinsu kuka samu wurin shiga. Tsarin ban rushe shi ba, don yana da kyau. Na so in dawo da zaman tabarma, na ce kowace safiya a turo mani mutum biyu. Aka yi mako uku ana zuwa. Daga nan wannan ɗanta ba lafiya, waccan turminta na jira, kuma gaskiyarsu ne, ni na koya masu cewa zama asara ne, sun kuwa koya da kyau. Abin da aka share da tsintsiya ba ya dawowa don an sake zana shi. Yaya Marka ba ta dawo Batsari ba. A can Allah ya karɓi abinsa, damina biyu bayan tafiyarta, aka gaya mani a kan lokaci wannan karon.

Shi ya sa duk gyaɗar ƙungiyar nan take kwana a gidana kafin ta je murhu, kuna cewa tsohuwa ta cika sa ido. Kun kuma tambaye ni dutsen da nake ajiyewa a tsakiyar taswira, wanda ba hanyar toka da ke zuwa wurinsa, ba kasuwa ba ne, ba mai saye ba ne. Na abin da ban gani ba ne. Duk zanen da na yi, na san akwai wani aiki da wata take yi wanda na ɗauka zaman banza ne, kuma ba zan san shi ba sai ranar da ya tsaya. Ku duba kwalinku ku gaya mani inda kuka bar wa wannan wuri.

Ƙarfina ya ragu, muciyar nan wata a cikinku za ta karɓa. Ba zan ba wadda ta fi iya kibiya ba. Kullum bayan an idar da sallar asuba, gari ya yi haske, ina shimfiɗa tabarma a bakin rumbu, babbar, mai cin mutum shida. Ina zama a gefe ɗaya da faifan, ido a rufe. Ƙofa a buɗe take. Ba na gani, amma in an zauna zan ji.